Tukwicin da Aka Ba Goggo Tabawa a Bakin Kogin Ailan

Ku matso. Cindo, rage wa fitilar nan haske, ba karatu za mu yi ba. Wanda ya san zai yi kuka ya tashi tun yanzu, don ba na so gobe a ce Yaya Hajo ce ta hana yara barci. Ba mai tashi? To, kun zauna ke nan.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Labarin gidanmu ne. Goggo Tabawa abin ya faru da ita, yayar ubanninmu, kuma daga bakinta na ji. Ku yi ƙasa da murya.

Sai na fara da Barmo, kakan ubanninmu. Mai fito ne a Tungar Gado, shi ke ƙetarar da mutane gulbi da kwalekwalensa. Zamanin Turawa ne. Akwai wani Baturen 'yan sanda da ke zagaya ƙasar, kunnensa na hagu rabi ne, kullum yana riƙe da dorina mai kan azurfa. Ba wanda ya san sunansa na gaskiya. Mai Dorina ake ce masa.

Wata rana tsakiyar damina ya iso mashigi da kayansa. Gulbi ya kawo, ya yi jajir, yana tafe da itatuwa. Barmo ya durƙusa ya ce, ranka ya daɗe, a jira kwana biyu ruwa ya sauka. Bature ya ɗaga hannu. Ya zuba masa dorina sau uku a fuska. Aka loda akwatunan ƙarfe, aka loda bahon wankansa, aka zuba 'yan dako shida a kai. Baturen kuwa ya tsaya a gaɓa, wai sai ya ga ko jirgin zai kai.

Bai kai ba. A tsakiya ya kife. Mutum bakwai suka nutse, har da Barmo.

Kun san abin da la'anannen ya yi? Ya tara mazan gari ya ce su yi nutso. Ba gawa za su nemo ba, akwatunansa. Matar Barmo, Iya Gwamma, tana tsaye a wurin da cikin wata bakwai, tana kallo ana fito da bahon wanka. Ni ko yanzu na tuna wannan bahon sai raina ya ɓaci.

Iya Gwamma ta yi shekara hamsin bayan haka. Kowace asuba in ta sallame salla, sai ta kira sunayen mutum bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta rufe da, "Mai Dorina, Allah ya isa." Goggo Tabawa a ɗakinta ta tashi, a bayanta take kwana. Kafin ta iya ƙirga goma ta haddace sunayen nan.

To, Goggo ta girma, ta yi karatun jinya, ta yi aiki nan shekaru. Daga baya ta samu aiki a Ailan. Wani tsibiri ne kusa da Ingila, ruwan sama ba ya ɗaukewa, ko'ina kore shar. Aka kai ta wani ƙaramin gari, gidan kula da tsofaffi da ke kan tudu. Can haka suke yi, su tara tsofaffinsu gida ɗaya su ɗauko mai duba su.

A ɗaki na huɗu akwai wata tsohuwa, Madam Nora. Ba miji, ba ɗa, ba mai zuwa gaishe ta. Hankalinta yana zuwa yana tafiya. Ranar farko da Goggo ta shiga, tsohuwar ta ɗago ta dube ta, ta ce da Hausa, "Inna, kawo ruwa."

Goggo ta kusa sakin faranti. Ashe a ƙasarmu aka haifi matar, mai renonta Bahaushiya ce. In hankalin ya gudu, Turancin sai ya bi shi, Hausar yarinta ta dawo. Ku da ba ku taɓa barin gida ba ba za ku gane ba. Wata takwas Goggo ba ta ji Hausa daga bakin mutum ba sai ta waya. Nan take ta ƙaunaci matar. Ita ke yi mata wanka, ita ke taje mata kai, har kunun gyaɗa ta riƙa dama mata a ɓoye. Tsohuwar ba ta karɓar ruwa ko magani daga hannun kowa sai nata. Shekara biyu suna haka.

Rannan sanyi ya shigo, Goggo ta buɗe tsohon akwatin matar tana neman bargo. A ƙasa ta ji wani abu dogo a naɗe cikin tawul. Ta warware. Dorina ce, ta bushe ta yi baƙi, kanta na azurfa. Kusa da ita hoto, an rubuta sunan mai shi a baya. Bature a tsaye da gajeren wando, ya juya gefe, kunnen hagu rabi.

Tsohuwar ta yi murmushi daga kan gado. Ta ce, "Ta babana ce. Mutanenku Mai Dorina suke ce masa."

Goggo ta mayar da tawul yadda yake. Ta rufe akwati. Ta shiga banɗaki ta yi amai. Shekara biyu tana wanke jinin Mai Dorina, tana ba shi kunu a baki.

Ba ta bar aikin ba. Ta ci gaba da wanka, ta ci gaba da taje kai. Amma ta ce mini tun daga ranar, in ta riƙe wuyan matar za ta ba ta magani, sai ta ji yatsunta suna son su matse.

Yanzu ku ji abin da ke bakin kogin garin. Su ma mutanen Ailan Turawan Ingila sun mulke su, ɗaruruwan shekaru, har suka gaji suka ɗauki bindiga. Mai dafa abincin gidan ce ta ba Goggo labari. Lokacin yaƙin neman 'yancin, samari tara suka ɓuya a wata rumfar jiragen ruwa a bakin kogi. Wani ɗan garin ya kai tsegumi. Sojoji suka zo suka ɗaure musu hannu ta baya, suka jera su a gaɓa, suka harbe su, suka tura su ruwa. Ba a ga gawa ko ɗaya ba. Ba a kuma san wanda ya ci amanar ba. Da aka samu 'yanci sai aka kafa dutse a wurin, aka sassaƙa sunayensu.

Kowace shekara in ranar ta zagayo, Madam Nora takan aika da fararen furanni wurin dutsen nan. Ita ba ta taɓa zuwa ba, ko tagar da ke kallon kogi ba ta yarda a ba ta ba. Wani direba ke kai mata. A shekarar, direban ya rasu.

Madam Nora ta kama hannun Goggo, ranar hankalinta garau. Ta ce, "Ke za ki kai mini. Ki ajiye kawai. Kada ki ce daga ina. Kada ki kira suna. Babana ya ce har abada kada jininsa ya matsa kusa da kogin nan."

Goggo ta dube ta. Ta ce, "A nan garin aka haifi babanki?"

"A nan. Ya tafi yana saurayi. Dare ɗaya ya tafi."

Goggo ba ta ƙara tambaya ba. Ta karɓi furanni, ta sa fulas ɗin shayinta a jaka, ta hau bas ita kaɗai.

Can in sanyi ya yi, ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ta sauka ƙarfe uku da rabi. Hanyar siririya ce, tana gangarawa tsakanin itatuwa marasa ganye. Ba kowa. Masu bikin tunawa sun zo tun safe sun watse, ga sawun takalmansu a taɓo. Tana tafe tana jin ƙarar ruwa. Da ta kusa, sai ta lura ba ta jin kukan tsuntsu ko ɗaya.

Dutsen ya fi mutum tsayi, ruwan toka, gansakuka ta kama gindinsa. Sunaye tara a jere, kowanne da shekarunsa. Babbansu ashirin da huɗu. Ƙaraminsu sha bakwai. A gabansa akwai matakala ta dutse da ke sauka har cikin kogi. Ruwan baƙi ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba.

Kun san Goggo, ba ta wuce makwancin mamaci ba ta yi magana ba. Ta tsaya ta yi sallama a hankali.

Aka amsa.

Ta juya. Wani saurayi ne zaune a matakalar ƙarshe, ya ba ta baya. Hular ulu a kansa, tsohon kwat a jikinsa, hannuwansa biyu a baya. Ta rantse mini da ta iso ba kowa a wurin.

Ya miƙe ya hau matakala ɗaya, biyu, uku. Ruwa na zuba daga ƙafar wandonsa, kuma bai daina zuba ba. Ba takalmi. Ƙafafun farare fat, sun kumbura. Ya juyo ya fuskance ta, amma ƙafafun ba su juyo ba. Yatsun suna nan suna kallon kogi.

Lantana, saki zanina. Ba zai zo nan ba.

Bakinsa ya motsa, ya rufe. Sai bayan ya rufe sannan muryar ta iso, kuma ba daga bakin ta fito ba. Daga ƙarƙashin ruwa ta taso. Abin da ya fi ba ta tsoro, da Hausa ta ji shi, irin Hausar tsofaffin Tungar Gado.

Ya ce, "Furanninmu ne?"

Ta ce, "Naku ne."

"Shekara arba'in ana kawowa. Ba mai cewa daga wa."

"An ce kada in faɗa."

"A garinku haka ake kai saƙo?"

Kun ga inda ya kama ta. Mu tun muna ƙanana, in an aike ka da kwano maƙwabta, ba ka dire shi ka juya. Sai ka durƙusa ka ce, ga shi in ji wance. Saƙon da ba sunan mai shi, wulaƙanci ne. Da Goggo ta so, da ta ce mini bakinta ne ya suɓuce don sabo, kuma da na yarda. Amma ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ta ga ƙafafun nan, ta san ba mutum ba ne, ta kuma san abin da suna zai jawo. Ayatul Kursiyyu tana kan harshenta. Ba ta karanta ba.

Sai ta ce, "Kafin in amsa. Akwai wanda ya bar garin nan a makon da aka kashe ku?"

"Akwai."

"Yaya kunnensa?"

Ruwan da ke zuba daga wandonsa ya ƙaru.

Ya ce, "Ni na cire masa rabi da haƙori, muna yara, wajen kokawa. Abokina ne. Shi ya kawo mana burodi a daren."

Goggo ta durƙusa yadda aka koya mata. Ta ajiye furanni a gindin dutse da hannu biyu. Ta ɗaga murya ta ce, "Ga saƙo. In ji Nora, 'yar Kolam Dalahanti. Tana gidan tsofaffi na kan tudu, ɗaki na huɗu."

Kogin ya tsaya. Ta ce ƙarar ruwan ta ɗauke ɗif, har tana jin bugun zuciyarta. Sai ga kai ya ɓullo a tsakiyar ruwa, iyakar ido. Sai wani. Sai wani. Ta ƙirga takwas, duk suna kallon ta.

Saurayin ya ce, "Shi yana ina?"

"Ya mutu tuntuni."

"A ina?"

"A kan gado. Da tsufansa."

Wani sauti ya fito daga ruwan. Ba kuka ba ne, ba kuma dariya ba. Goggo ta ce ta san sautin, don shi ke fita daga ƙirjin Iya Gwamma kowace asuba. Sai tsoron da take ji ya gushe, fushi ya maye wurinsa. Ta tsaya a gaban matattun mutane tana ba su labarin Barmo, da gulbi, da bahon wanka. Ta kira sunaye bakwai ɗin nan, tana yi tana hawaye.

Ya ce, "Mun ji. Su ma ba su kwanta ba."

"To me za ku yi?"

"Ba ma iya wuce inda ruwa ya tsaya. Sai an ɗauke mu." Ya ɗan juya ya nuna mata hannuwansa. Igiya ce, ta nutse cikin nama. "Ni ba ni da hannun ɗiba."

Ba wanda ya tilasta ta, ku riƙe wannan. Da kanta ta ciro fulas, ta zubar da shayin a kan ciyawa. Ta sauka matakala har ruwa ya taɓa takalminta. Ta tsoma hannun dama. Sanyin ya ratsa ta har haƙori. Fulas na cika, kawunan nan suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya nutse sai ta ji fulas ɗin ya ƙara nauyi.

Saura shi kaɗai. Ya sunkuyo kusa da ita, yana warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye.

Ya ce, "Ɗan aike ba ya tafiya hannu banza. Ga tukwicinki."

Ta ce, "Ba na so."

"Ba a mayarwa."

Ya ɗora goshinsa a bayan hannunta. Akwai rami a goshin, ta ji gefensa a fatarta.

Ya ce, "Hannun da ya ɗauke mu, ba za mu bar shi ba. Wanda ya zalunce ki, ki ba shi ruwa."

Ta ɗago, ba kowa. Kogi ya ci gaba da tafiya. Ta rufe fulas ta hau tudu, ba ta waiwaya ba.

A cikin bas ita kaɗai ce fasinja. Ta rungume jaka da hannu biyu, nauyinta kamar ta ɗauko dutsen niƙa. Da za ta sauka, direba ya leƙa baya yana mita. Kujeru tara a bayanta sun jiƙe sharkaf.

Ƙarfe shida lokacin magani ne. Ta shiga ɗaki na huɗu ta tura ƙofa. Tsohuwar na kwance, 'yar mitsitsiya cikin bargo, gashinta fari a taje yadda Goggo ta bar shi da safe. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa."

Ga butar ruwan gidan a kan tebur, cike. Goggo ta dube ta. Ta ce mini ta daɗe tana kallon butar nan. Sannan ta buɗe fulas ta tsiyaya a kofi.

Ta tallafo wuyan matar. Kofi ya kai kusa da baki, sai tsohuwar ta tsaya. Ta shinshina. Idonta ya washe, hankalin ya dawo gaba ɗaya.

Ta ce, "Ruwan kogi ne."

"Shi ne."

"Kin faɗa musu sunana."

"Na faɗa."

"Na roƙe ki."

Goggo ta ce, "Barmo ma ya roƙi babanki. Kwana biyu kawai ya roƙa."

"Wane ne Barmo?"

Kun ji? Ba ta ma san shi ba. Ba ta taɓa jin sunan ba. Wannan tambayar ce ta ƙarasa ƙona zuciyar Goggo. Ta ce, "Kakana ne. Mai fito. Babanki ya nutsar da shi da mutum shida saboda bahon wanka."

Tsohuwar ta rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunnenta.

Ta ce, "Shekara arba'in ina ba su haƙuri. Ban san akwai wasu ba." Ta dubi kofin. "Hannunki kaɗai nake sha, Tabawa. Kin sani."

"Na sani."

"To ba ni."

Goggo ta ba ta. Ta shanye tas, har ta ce ta gode, yadda ta saba.

Goggo ta ja kujera ta zauna. Da farko ba komai. Sai ta fara jin ƙarar ruwa mai gudu a cikin ƙirjin matar. Tsohuwar ta buɗe baki tana neman iska. Ruwa ya fito. Ta baki, ta hanci, baƙi, da guntayen ganye. Kofi ɗaya ta sha, amma ruwan ya jiƙa katifa, ya sauka ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Hannuwanta suka koma baya da kansu suka haɗe. Goggo tana zaune tana kiran sunaye bakwai, a hankali, har ta kai na ƙarshe. Kafin ta kai, an gama.

Likita ya zo ya rubuta cewa huhu ne ya cika da ruwa, ciwon tsufa. Ma'aikata suka yi ta neman famfon da ya fashe, ba su samu ba.

Na tambayi Goggo ko ta yi nadama a ranar. Ta ce ko kaɗan. Ta ce ta yi barcin da ba ta taɓa yin irinsa ba tun tana yarinya. Ta ajiye aiki, ta ɗauko dorinar nan a cikin kayanta, ta dawo gida. Kafin ta iso nan sai da ta biya Tungar Gado, ta tsaya a tsohon mashigi ta wurga ta tsakiyar gulbi. Ta je kabarin Iya Gwamma ta ce, Iya, an biya.

Ni ma da an tsaya nan, da na ce madalla. Ba zan ɓoye muku ba, har gobe na tsani mutumin nan. Da za a tashe shi a ajiye mini shi a tsakar gidan nan, ni zan toshe masa hanci Goggo ta ɗura.

Amma ba a tsaya nan ba.

Ranar da ta iso gidan nan ina da shekara goma sha biyu. Duk cikin 'ya'yan ƙannenta ni ce 'yar ɗakinta, ni take aiko wa takalmi. Na dawo daga makaranta da rana tsaka, na gan ta, na ruga na faɗa jikinta. Ta ce, "Hajo, kin sha rana, leɓenki ya bushe." Ta tashi da kanta ta je randarmu, wannan dai da ke gindin zogale. Ta ɗebo da moɗa ta miƙo mini.

Kurɓa ɗaya na yi.

Sanyin ba na randa ba ne. Ya daki haƙorana, ya sauka ƙirjina, ya ƙi wucewa. Na ji warin taɓo. Na ja numfashi, ruwa na ja. Tsakar gida ta yi duhu da rana tsaka, na ga mutane tara tsaye a jikin katanga, hannuwansu a baya, ruwa na zuba daga wandunansu. Ba fushi a fuskarsu. Jira kawai suke yi. Na ji hannuwana suna komawa baya.

Goggo ta doke moɗar ta faɗi. Ta ɗaga ni ta kife ni a cinyarta tana dukan bayana, tana ihu da Turanci da Hausa, "Ba ita ba! Wannan tawa ce! Ba ta yi komai ba!"

Sai na ji muryar. Ni ma na ji ta, da kunnen nan nawa. Daga cikin randa ta fito.

Ta ce, "Waccan ma ba ta yi komai ba."

Kwana uku ina aman baƙin ruwa da ganyen da ba a taɓa gani a ƙasar nan ba. Malamai uku aka tara a kaina. Da kurɓa biyu na yi, da yau ba ni ke ba ku labari ba. A dare na uku Goggo ta zauna bakin gadona ta faɗa mini komai, tun daga akwati har zuwa kofi. Sai a lokacin ta yi lissafi. Ranar da jirgin Barmo ya kife, Nora tana da shekara biyu, tana goye a bayan wata Bahaushiya.

Goggo ce ta nuna musu cewa in an rasa mai laifi, na kusa ma ya wadatar. Sun kuwa koya. Ba su tambayar waye, hannu kawai suka sani.

An yi rubutu, an yi sauka, an kai ta wurin masu ruƙiyya har Sakkwato. Ba abin da ya sauya. Ita ruwan ba ya yi mata komai. Amma in ta ɗebo da hannun nan ta ba wani mai rai, suna ciki. An gwada da akuya, ba a sake gwadawa ba.

Shi ya sa kuke ganin butarta da kofinta da jan zare a ɗaure, ba mai taɓawa. Shi ya sa ba ta girki. Baƙo zai zo tun daga Kano ya zauna a ɗakinta, ba za ta ba shi ko ruwan kurkure baki ba, sai ta ƙwala wa wani kira. Ku kuna cewa rowa ce, na sha jin ku. Matar da ta yi shekara talatin tana ba marasa lafiya ruwa a baki, jikanta na fari ya yi zazzaɓi yana kuka yana miƙa mata hannu, ta zauna a kan hannunta tana kallon sa har uwarsa ta dawo daga kasuwa.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada ɗayanku ya bi bakin ruwa shi kaɗai in rana ta yi ja, ko gulbi ne ko kududdufin bayan makaranta. In kun yi sallama a inda ba kowa aka amsa, ku dubi ƙafa kafin ku dubi fuska. In an tambaye ku wa ya aiko ku, ku yi rashin kunya sau ɗaya a rayuwarku, ku juya ku tafi.

Ba don in tsorata ku na tara ku yau ba. Su Baba sun ce kada a faɗa wa yara, ni kuwa na ga ba shiru za a yi ba. Goggo ta fara mantuwa. Kun ga yadda take kiran Cindo da sunan babansa. Jiya da la'asar na fito daga wanka na tarar da ita a bakin randa, moɗa cike a hannun dama, tana murmushi, tana waige-waige wa za ta ba. Na karɓe na zubar. Ta dube ni ta ce, "Hajo, me na yi?" Ba ta tuna ba. Ko kaɗan ba ta tuna ba.

In ta miƙo muku ruwa, ku ce kun ƙoshi. Ku ce kuna azumi. In ta yi fushi, ku bar ta ta yi. In ta yi kuka ta ce ba ku ƙaunar ta, ku bar ta ta yi kukan. Kada ku karɓa, ko don ku jiƙa leɓe.

Kun ji ko? Cindo, ka ji? Talle?

Lantana. Ɗago ki dube ni. Tun yaushe kike wannan tarin?